Sawu a Kan Ɗanyen Fenti

Ranar da ya kamata a yi murna ce aka wayi gari lambar yabon Saje ta ɓace daga kabad ɗin gilashi na zauren 'yan mazan jiya. Ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle ƙofa ba, ko tsinke ba a ɗauka ba in ban da ita. Kafin rana ta yi zafi unguwa ta riga ta kama ɓarawo, ta yi masa shari'a, ta yanke hukunci, duk a baki. Shaida ce kawai aka rasa, kuma rashinta bai dami kowa ba.

Malama, 'yar Saje, ita ce ta je ta taso Ido-a-Ƙasa daga gindin bishiyar ƙofar gidansa. Wannan mutumin a daji ya ƙarar da ƙarfinsa, yana bin sawun shanun sata da yaran da suka ɓata, har wuyansa ya saba da sunkuyo ya ƙi miƙewa. Matarsa takan ce da za ta sauya fuska ba zai lura ba, amma ranar da ta sauya silifa sai ya tambaye ta wace baƙuwa ce ta shigo gidan.

"Kawu, ka taimake ni," in ji Malama. "Da yamma Manjo za ta iso daga ofishin ajiye bayanan soja. Gobe da safe za ta koma. In ba ta ga lambar da idonta ba, za a rufe maganar, kuma an gaya min ba a sake buɗewa."

Ido-a-Ƙasa ya san zancen, don babu wanda bai sani ba. A gadon asibiti kwamanda ya maƙala wa Saje lambar nan, bayan Sajen ya ɗauko abokinsa Kofur a baya daga bakin wuta ya kawo shi tudun mun tsira. Amma wani akawu da ke gyangyaɗi, Allah ya yafe masa, ya jefa takardar yabon cikin fayil ɗin Kofur. Sai ya zama Saje yana da lamba babu takarda, Kofur yana da takarda babu lamba. Shekara da shekaru marasa kunya suna cewa a kasuwa Saje ya sayi tasa, shi kuma bai taɓa tanka wa kowa ba. Malama ce ta ƙi haƙura. Ta yi ta zirga-zirga daga ofis zuwa ofis har takalmanta suka cinye, sannan aka yarda a turo mai dubawa, domin a gefen kowace lamba akan zana lambar aikin mai ita.

"Wa ya ce a kai ta zaure?" ya tambaya.

"Ni ce. Na so a gan ta a inda ya dace, a gaban mutane." Ta share ido da gefen mayafi. "Baba ya kusa tamanin, Kawu. Ba na so ya tafi ana ce masa mai lambar kasuwa."

Ya sa hula, ya ce ta wuce gaba.

* * *

A bakin zauren an yi cincirindo, kuma duk wani sawu da ƙasa ta ajiye masa an tattake shi. Ido-a-Ƙasa ya ja tsaki. Abu ɗaya ya faranta masa rai: Shugaban ƙungiya, wani dogon tsoho mai gashin baki kamar tsintsiya, ya hana kowa shiga ciki. Ba don hikimar bincike ya yi haka ba, fentinsa yake kishi. Jiya aka shafa wa daɓen jan fenti saboda zuwan Manjo.

"Makulli a hannun wa yake?"

"A wuri na sirri," in ji Shugaba, ya ɗaga ƙirji. "Ƙarƙashin tukunyar fulawar can."

"Wa ya san da wurin?"

"Mu 'yan ƙungiya kaɗai."

"Da ni," in ji wata mai talla daga baya. "Da kowa ma."

Aka yi dariya, Shugaba ya haɗe rai. Daga nan bakuna suka buɗe. Wasu suka ce mai fenti ne, an gan shi da sassafe da jaka a kafaɗa yana sauri. Mafi yawa kuwa suka ce ai ba sai an wahala ba, Kofur ne. Wa zai yi asara in an gyara takarda in ba shi ba? Wani har ya rantse ya daɗe yana ganin rashin gaskiya a idon tsohon, alhali jiya-jiyan nan ya gaishe shi har ƙasa.

Ido-a-Ƙasa ya tuɓe takalmi ya shiga shi kaɗai. Zaure ne ɗan madaidaici: benci biyu an jingine su a bango, kabad a kusurwa, sai bangon gaba cike da hotunan waɗanda ba su dawo ba, samari da huluna a karkace suna kallon mai kallo. Ya durƙusa ya kwantar da kunci kusa da daɓen, ya bar hasken taga ya yi masa aiki. Daga ƙofa zuwa kabad fenti sumul, kamar aljani ne ya wuce. Amma a gaban hotunan, inda ɓarawo ba shi da abin ɗauka, akwai tabo biyu zagayayyu dab da juna, inda fentin ya murɗe ya kware. Na hagu ƙarami ne mai zurfi, na dama mai faɗi ne, sama-sama.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ga sawun mai gudu, ya ga na mai sanɗa, ya ga na wanda ya ɗaura tsumma a ƙafa don ya ruɗe shi. Irin wannan kuwa bai taɓa gani ba, kuma rashin sanin ya yi masa daɗi kamar yadda ƙaiƙayi ke yi wa mai susa.

* * *

Mai fenti bai gudu ko'ina ba. A makarantar bayan kasuwa aka same shi a kan tsani, yana yi wa allo baƙi. Da ya ji abin da ake faɗa a kansa ya sauko a fusace, ya zazzage jakar a ƙasa: burushi, tsumma, gwangwanin kananzir, da rabin burodi.

"Ga dukiyar da na sato! A ɗauka a raba! Ni me zan yi da lambar soja, Malam? In rataya in hau tsani?"

"Kwantar da hankalinka. Ba jakarka ta kawo ni ba, fentinka ne. In mutum ya taka shi kafin ya gama bushewa, me ya sa ba zai bar sawu ba?"

Nan take fushin ya sauka, don babu mai sana'ar da ba ya son a tambaye shi sana'arsa.

"Ai irin wannan fentin munafuki ne. Sama yake fara bushewa, ciki da ɗanye. Ka taka shi a hankali, ba zai nuna ba. Amma ka murza ƙafa a kai, sai ya kware kamar fatar dafaffen dankali. Na gaya wa Shugaba kada kowa ya shiga sai yau da rana."

"Murzawa," in ji Ido-a-Ƙasa.

"Murzawa. Wa ya ɓata min aiki?"

Ido-a-Ƙasa ya kama hanya. Yana tafe yana tambayar kansa abin da zai sa mutum ya saci abu, maimakon ya fice da sauri, ya je gaban hotunan matattu ya tsaya yana murza ƙafa.

* * *

A ƙofar gidan Kofur ya tarar da yara suna waƙar ɓarawo suna tafi. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafafunsu, ya kira sunan uban kowannensu, suka watse.

Matar Kofur ce ta tare shi a tsakar gida, ta ja shi gefen murhu tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ta rantse da abin da zai kashe ta maigidanta bai fita ba. Sannan, da yake tsoro ya cika mata ciki, ta faɗi abin da bai tambaya ba. Kofur yana fama da ciwon ƙoda, kuma asibitin soja ke yi masa wankinta saboda takardar yabon da ke cikin fayil ɗinsa. Wata ma'aikaciya ta raɗa mata cewa ranar da aka cire takardar, ranar za a cire sunansa.

"Shi ya sani?"

"Ina! In ya sani ai da ƙafarsa zai je ya ce a cire. Ba ka san taurin kansa ba."

"Wa kika gaya wa, Inna?"

"Babu kowa." Ta waiwaya wajen ɗakin. "Sai Baba Saje. Shekaranjiya ya zo duba shi, ya same ni ina kuka a nan, ya matsa min sai na faɗa. Ya dafa bango ya daɗe a tsaye."

Kofur na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, gajeren tsoho mai fara'a, ƙafafunsa a kumbure. Waƙar yaran ta shiga kunnensa sarai, amma ya yi kamar ba da shi ake ba.

"Ido-a-Ƙasa! Ka zo kama ni? To ka zo da amalanke, don ba na iya tafiya mai nisa."

"Tambaya na zo yi, Baba Kofur. Me soja yake yi a gaban hotunan can na zaure?"

Fara'ar ta koma natsuwa. "Ba a fita daga ɗakin nan a juya musu ƙeya kamar an fito daga shago. Sai ka je gabansu, ka ƙame, ka sara musu, ka yi juyawar fareti, sannan ka tafi. Ko gobara ake yi. Ba doka ba ce, babu wanda ya rubuta. Ƙafa ce ba ta yarda."

"Nuna min juyawar."

Matar ta fara faɗa, Kofur ya ɗaga mata hannu. Ya miƙe da ƙyar, ya tsaya a kan rairayin tsakar gida. Sai ga wani abin mamaki: bayan nan da ya ranƙwafa ya miƙe, haɓa ta ɗaga, ya juya fir, ya buga ƙafa. Ido-a-Ƙasa ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ya kuma ji kunyar unguwarsu.

Ya tsuguna ya duba rairayin. Tabo biyu ne zagayayyu, ƙarami mai zurfi na diddige, mai faɗi na kan yatsu. Sai dai a nan diddigen yana dama, yatsun suna hagu. Na zaure akasin haka ne.

"Kullum ta dama ake juyawa?"

"Kullum. A kan diddigen dama. Wanda ya juya ta hagu a fareti sai ya sha gwale-gwale har ya manta sunan uwarsa."

"To akwai sojan da ka sani yana juyawa ta hagu?"

Kofur ya buɗe baki zai yi wasa, sai ya rufe. Ya dubi tabon da ke ƙasa, ya dubi mai tambayar. Yatsun ƙafarsa suka ƙanƙame rairayi.

"Babu," ya ce. "Ban san kowa ba."

Ido-a-Ƙasa ya yi godiya ya fita. Bakin tsohon ya ce babu, amma shi ba baki yake saurare ba.

* * *

Gidan Saje tsaf yake kamar bariki, har tsintsiya tana da inda take tsayawa. A bakin ƙofar ɗaki an jera takalman fita, baƙaƙe, sun sha goga suna ƙyalli. Ido-a-Ƙasa ya sunkuya kamar zai gyara nasa, ya kifa su. Diddigen na hagu ya cinye ya zama zagaye, kuma an wanke shi tas da safen nan, har da danshi. Na dama kuwa kamar yau aka sayo shi, sai tsumma da aka cusa a ciki.

Da shanun sata ne da yanzu yana murmushi. Wannan karon ji ya yi da ma bai iya karatun ƙasa ba.

Saje na zaune a kujerar katako, sanda a tsakanin gwiwoyi, farar riga an maɓalle ta har wuya. Ga mutumin da aka yi wa sata, hankalinsa a kwance yake fiye da kima.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. Amma ka bar wahalar da kanka. Abin da ya tafi ya tafi. Ni takarda ba ta dame ni ba, yarinyar nan ce ta ɗora wa kanta."

"Baba Saje, a ina harsashin ya same ka?"

Tsohon ya dube shi da kyau kafin ya amsa. "A diddigen dama. Ya tafi da rabinsa."

"Kafin ka ɗauki Kofur ko bayan ka ɗauke shi?"

"Kafin."

Ido-a-Ƙasa ya dubi ƙafar tsohon. Wannan ɓangaren ba ya cikin labarin da unguwa ke bayarwa, don mai labarin bai taɓa faɗa ba. Da rabin diddige mutumin nan ya goya abokinsa ya ratsa daji da shi.

"Baba, yanzu na baro gidan Kofur. Yara na yi masa waƙar ɓarawo a ƙofa."

Sandar ta motsa a hannun Saje. "Kofur? Wane mahaukaci ne zai ce Kofur ɓarawo?"

"Unguwa duka. In Manjo ta tafi ba a ga lambar ba, da wannan sunan za a binne shi."

Saje ya damƙe sandar da hannu biyu. Kana gani ka san wannan lissafin bai shiga kansa ba. Mutum ne da bai taɓa zargin kowa ba, don haka bai yi zaton za a zargi wani ba.

"Magana iska ce, tana wucewa," ya ce daga baya, amma muryar ba ta da ƙarfi. "Ciwo ba ya wucewa."

"Ni dai ba zan kira sunan kowa ba, Baba. Ban isa ba. Amma ba zan bari a shafa wa mai gaskiya baƙi ba. Sai mun haɗu da yamma."

* * *

Manjo ta iso a kan lokaci, mace ce matashiya mai kaifin ido, da jaka a hammata. Aka ajiye mata tebur a farfajiyar zaure. Mutane suka kewaye wurin, mai fenti a gaba ya harɗe hannu, Malama a gefe ta rame a wuni ɗaya. Shugaba ya fara jawabin ban haƙuri mai tsawo, yana neman hanyar da zai ce babu lamba ba tare da ya ce babu lamba ba.

Bai kai ƙarshe ba Kofur ya miƙe, yana dafe da kafaɗar matarsa.

"Ranki ya daɗe, kada a wahalar da ke. Ni na ɗauka. Hassada ce ta kama ni, na jefa ta a rijiya. A yi min abin da za a yi."

Wuri ya kaure. Masu cewa "ai mun faɗa" suka fi kowa ɗaga murya. Matar Kofur ta ɗora hannu a ka, Malama ta dube shi kamar ya mare ta. Saje ya yunƙura zai tashi, sandarsa ta zame ta faɗi.

Ido-a-Ƙasa ya ratsa ya isa gaban tebur. A ransa yana jinjina wa gajeren tsohon nan. Kofur bai san dalilin abokinsa ba, bai tambaya ba, ya dai ga an kusa cim masa sai ya shiga tsakani da nasa mutuncin.

"Ranki ya daɗe, wannan dattijon ƙarya yake yi, kuma bai iya ba. Ina roƙon alfarma ɗaya. Ki sa tsofaffin nan su yi layi, ki ba su umarnin juyawa irin na fareti."

Manjo ta ɗaga gira. "Malam, wannan bincike ne ko wasa?"

Ya gaya mata abin da ya gani a kan fentin, a taƙaice: wanda ya ɗauki lambar ya tsaya ya gaida matattu kafin ya fita, kuma ta hagu ya juya, a kan diddigen hagu. Ta dube shi, ta dubi tsofaffin, ta miƙe ta gyara hula.

Suka jeru a kan rairayi, masu tari da masu rawar gwiwa. Wani ya miƙa wa Saje sandarsa, ya ƙi karɓa. Ya je ya tsaya a daman Kofur. Yana iya cewa ƙafarsa na ciwo ya koma ya zauna, kamar yadda yake yi a kowane taro, babu mai ganin laifinsa. Bai yi hakan ba.

"A ƙame!" Muryar Manjo ta tsaga wurin, tsofaffin ƙasusuwa suka miƙe. "A juya!"

Layi duka ya juya ta dama. Mutum ɗaya ya juya ta hagu, kuma a tsakiyar juyawar suka yi ido huɗu da Kofur, ƙirji da ƙirji. Nan suka tsaya, babu wanda ya ƙarasa.

Saje ya kai hannu wuya ya ɓalle maɓalli ɗaya, ya ɓalle na biyu, ya juya gefen rigar. Lambar tana nan maƙale ta ciki, a kan ƙirjin hagu, ta kwanta a fata har ta yi masa shaida.

"Baba!" in ji Malama.

"Ki yafe min, uwata. Na san wahalar da kika sha." Ya juya ga Manjo. "Ranki ya daɗe, ni na ɗauki abina, ba wanda ya taya ni. Ina roƙo a bar takarda yadda take."

"Saboda me?" in ji Kofur.

Matar Kofur ce ta fashe da kuka ta faɗi zancen asibiti a gaban kowa. Masu "ai mun faɗa" suka fara neman inda za su sa idanunsu.

Ido-a-Ƙasa ya zaci Kofur zai rungume abokinsa. Ashe bai gama sanin sojoji ba. Gajeren tsohon ya fusata, ya caki ƙirjin Saje da yatsa.

"Kai wa ya aike ka? Wa ya ce maka ina son in rayu a kan takardar wani? Shekara nawa ina cewa a je a gyara, kana cewa a bari, a bari? Ana ce maka mai lambar kasuwa, ni ina jin kamar in nutse!"

"Kofur, ƙodarka..."

"Ƙodata ce, ba taka ba! Ka goya ni sau ɗaya, ina sume, ba ka nemi izinina ba. Na haƙura, na gode. Amma wallahi ba za ka sake goya ni ba ina ji ina gani."

Ya ja ƙafa ya isa tebur, ya dafa shi da hannu biyu.

"Rubuta, 'yata. Rubuta cewa ni ban ɗauki kowa ba, ni ne kayan da aka ɗauka. An harbe ni a nan," ya ɗaga riga ya nuna wani tsohon tabo mai faɗin tafin hannu a kwiɓinsa, "na faɗi, kowa ya wuce, wannan mai taurin kan ya dawo. Da na farfaɗo a bayansa na ga jini yana bin mu, na ɗauka nawa ne, ashe nasa ne. Rubuta duka, in sa hannu."

Manjo ta karɓi lambar da hannu biyu, ta karkata ta ga haske ta duba gefenta, ta gwada da abin da ke cikin jakarta. Ta gyaɗa kai. Sannan ta daɗe tana kallon tabon Kofur.

"Baba, wannan raunin babu shi a fayil ɗinka. An rubuta ka a matsayin wanda ya ɗauko, don haka ba a rubuta an harbe ka ba. Wanda aka raunata a fagen fama yana da nasa haƙƙin a asibiti. Zan rubuta, zan kuma bi shi da ƙafata. Amma ba ni ke yanke hukunci ba, kuma yana iya ɗaukar lokaci. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. In na gyara na Saje yau, taka takardar ta fita yau."

"Na ji. Gyara."

"Kofur," in ji Saje, kamar mai roƙo.

"Yi min shiru, Saje. Yau ni ke ba da oda."

Manjo ta zauna ta yi rubutu. Kofur ya sa hannu, Shugaba ya sa, ta buga hatimi. Sannan ta miƙe ta karanta da ƙarfi, yadda na bayan katanga ma zai ji: cikakken sunan Saje, da muƙaminsa, da cewa shi ne ya koma cikin wuta da raunin harsashi a ƙafa ya ɗauko ɗan'uwansa, kuma lambar jarumta tasa ce tun ranar da aka ba shi.

Malama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Kofur ya karɓi lambar ya maƙala wa abokinsa a waje, inda kowa zai gani, garin sauri har ya soke shi da allurar. Saje ko gezau bai yi ba. Yana tsaye ƙyam, hawaye na bin tamojin fuskarsa suna sauka a kan farar rigar, bai ɗaga hannu ya share ba.

Manjo ta fara ninke takardar za ta sa a jaka. Sai Saje ya yi gyaran murya.

"'Yata," ya ce a hankali, "in ba damuwa, sake karanta min."